Ƙarƙashin Motar Alhaji Seidu

Akwai wata Laraba a ƙarshen watan Maris da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da na je ɗauko wata tsohuwar motar Amurka daga wani gareji a Barking, a gabashin London. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kun sha jin guntun labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Gara ku ji shi daga bakin wanda ya yi kuskuren.

A lokacin ina cikin shekarata ta tara a kamfanin. Ƙaramin kamfani ne, mu bakwai ne har da mai shi, wani Bature da ake kira Mista Terry. Aikinmu iri biyu ne. Muna duba wa mai son sayen tsohuwar mota kafin ya saya, muna kuma ɗora ta a bayan babbar motarmu mu kai masa har ƙofar gida. Da direba na fara. Na yi shekara uku ina ɗaure motoci ina kwancewa, sannan aka sa ni bin mai dubawa ina riƙe masa tocila, daga baya ni ma na zama mai dubawa. Bambancin muƙaman biyu shi ne sa hannu. Direba in ya kai mota lafiya ya gama, mai dubawa kuwa abin da ya rubuta yana bin sa har bayan shekaru.

Takardar da muke cikewa kashi huɗu ce, kowane kashi da ɗan akwatin da za ka yi wa alama in ka gama. Na farko takardun mota: lambar da ke cikin littafin rajista dole ta yi daidai da wadda aka buga a gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa, a kuma duba ko injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta. Na biyu bodi. A nan ake bin jikin mota da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa to an cike wurin da fila, wato ƙullin toshe rami, an rufe da fenti. Na uku inji, kuma a sanyi ake ta da shi, domin inji mai zafi yana ɓoye halinsa. Na huɗu ƙarƙashi. Dokar kamfani a kan wannan ba ta da kwana-kwana: ka ɗaga mota da jek, ka kafa mata ƙafafun ƙarfe, ka kwanta ka shiga, ka bi shasi da sukudireba kana tokarawa daga gaba har baya. Shasi shi ne dogayen ƙarafan da duk nauyin mota ke zaune a kansu, kuma cikinsu rami ne kamar bututu. Kallo kaɗai ba ya isa, sai ka tokara ka ji.

Mai sayen shi ne Dakta Nasiru, likitan ƙashi, Bakano, yana zaune a Stratford da matarsa da 'ya'ya uku. Mutum ne mai sauƙin kai in ban da a maganar mota. Tun yana ɗalibi yake son irin motocin nan na Amurka na ƙarshen shekarun 1960, masu ƙofa biyu da dogon bonet da inji mai silinda takwas, waɗanda in an ta da su maƙwabta ke leƙowa ta taga. Ba su da yawa a Ingila, kuma yawancin waɗanda ake tallatawa kwalliya ce kawai ta rage musu. Shekara ɗaya da rabi muna nema. Na je Kent na duba ɗaya, maganaɗisu ya ƙi kama rabin jikinta. Na je wajen Birmingham na duba wata, ashe injin motar ɗaukar kaya aka dasa mata. Ta ukun kuwa mai ita ya ta da ta tun kafin in iso, na ɗora hannu a bonet na ji ɗumi, na yi masa sallama na koma tashar jirgi.

Duk lokacin da na kira Dakta da irin wannan labari sai ya ce, "Malam Lawan, kai fa ba ka da mercy ko kaɗan." Amma hakan yake so. Shi ne ma ya riƙa tallata ni a cikin jama'armu cewa ba a rufe mini ido, ni kuma ina jin daɗin jin haka fiye da yadda ya kamata.

Ta huɗun ba a intanet aka same ta ba. A wurin wani suna ne a Barking, muna cin shinkafa, wani direban tasi ya ji muna zancen. Ya ce ai akwai wani tsoho ɗan Ghana da ke da irinta a gareji, ta fi shekara ashirin ba ta taka titi ba. Ya ce council, wato ƙaramar hukuma, za ta rushe garejojin layin ta gina gidajen bene, an ba masu haya wa'adi zuwa Larabar ƙarshen wata, don haka tsohon dole ya rabu da ita.

Da ya faɗi sunan sai na ga ai na san shi. Alhaji Seidu ne, ɗan zangon Kumasi, mai shekara saba'in da 'yan kai. Masallacin Juma'armu ɗaya, ko da yake gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya yi shekaru yana sayar da atamfa da leshi a wata kasuwa a gabashin London kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Abu ɗaya aka san shi da shi: in turmin atamfa yana da tabo, shi zai warware ya nuna maka tun kafin ka gani. In 'yan kasuwa biyu suka yi saɓani, wurinsa ake kai su. Ba shi da gida nasa na kansa, ba shi da wata dukiya da ake zance. Wannan suna shi ne abin da ya tara a London.

Na kira shi, ya ce in zo ranar Juma'a da hantsi, don ranar yake buɗe garejin. Na roƙe shi kada ya ta da injin sai na iso. A nan na fara kuskure, tun kafin in ga motar. Na lissafa cewa daga can masallaci zan wuce, sai na sa farar shaddata da hula, na zuba tocila da maganaɗisu da ɗan madubi mai doguwar sanda a jaka, na hau jirgin ƙasa. Kayan aikina da jek na bar su a harabar kamfani. Na ce a raina leƙawa kawai zan yi, in ta cancanta in dawo da kaya.

Na tarar ya gama wanke ta ke nan. Ƙofar garejin a ɗage, bokiti biyu a gefe, shi ya naɗe hannun riga yana goge gilashi da tsumma. Ruwa ya kwanta a siminti har bakin ƙofa. Motar kuwa na daɗe ban ga irinta ba. Kore ce mai duhu, da baƙin layi biyu a kan bonet, bamba tana ƙyalli har kana ganin hularka a ciki. Sitiyarinta a hagu yake kamar motocin gida.

Hausarsa ta zango ce, mota a bakinsa namiji ce. Bayan mun gaisa ya ce, "Wurin wani soja na Amerika na saye shi, lokaci da zai koma gida. Na tuƙa shi shekara goma sha biyar. Da ƙafa na ya fara ciwo, kuloci ya fi ƙarfi na, sai na ajiye shi. Amma ko Juma'a ɗaya ban bar shi da datti ba. In wanke shi, in ta da shi minti goma, in rufe shi da tamfol, in kulle ƙofa, in je masallaci."

Na ce, "Ai ga alama nan, Baba."

Ya ce, "Ɗa na, ka duba shi da kyau. Yaro nan likita, ɗan mutane ne. Ban taɓa sayar wa mutum abu da aibi a ɓoye ba, ba zan fara da tsufa na ba."

Na fara. Lambobi uku suka yi daidai, kuma injin nata ne na asali, abin da ban samu ba a duk yawon da na yi. Maganaɗisu ya kama ko'ina sai wuri ɗaya a bayan tayar dama, wanda Alhaji ya riga ya ɗora yatsa a kai kafin in kai can. Ya ce bas ce ta goge shi a Aldwych tun yana da baƙin gashi. Na taɓa inji na ji shi da sanyi, na murza makulli, a karo na biyu ya kama. Ƙarar ta cika garejin har tantabarun da ke kan rufi suka tashi. Na saurara, babu ƙwanƙwasa, babu shuɗin hayaƙi. Salansa ta huje a wuri ɗaya, birki ya maƙale saboda zama, duk ƙananan abubuwa ne. Motar ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Shekara ɗaya da rabi ina cewa a'a, na gaji da cewa a'a.

Saura kashi na huɗu. Na tattare rigata zan durƙusa, ko da hannu ne in lalubi abin da zan iya kaiwa, sai ya riƙe mini damtse.

"Haba, a ruwa nan? Da farin kaya, ran Juma'a? Kai baƙo na ne, ba za ka kwanta a ƙasa ina tsaye ba. Ƙarƙashi nan, ni da kai na na sa aka shafa mishi baƙin magani tun shekaru. Tsatsa ba ya zuwa kusa."

Na ce to in dawo Litinin. Ya ce Litinin da Talata yana asibiti, Laraba kuma zai ba da makulli. Wayata ta yi ƙara a aljihu, Dakta ne, kira na uku ke nan tun safe. Na duba agogo, sha biyu da rabi ta wuce. Tsoho yana riƙe da hannuna, yana ce mini ɗansa. Sai na zura madubin nan mai sanda, na haska tocila. Madubi ya nuna mini baƙi sumul daga gaba har baya. Na ɗora takarda a kan bonet, na dubi akwati na huɗu, na yi masa alama, na sa hannu. Babu wanda ya ce in yi.

Tare muka tafi masallaci. Bayan an idar, a farfajiya inda ake sa takalma, Dakta ya tare mu.

"Yaya, Malam Lawan, ta yi pass?"

Na ce ta yi.

Alhaji Seidu ba ya ciniki a ɓoye. Nan take ya kira dattawa biyu, ɗayansu Malam Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin gwamnati daga gida da ke zaune wurin ɗansa, mutum mai kaifin baki. Ya kama hannun Dakta ya ce, "Ku shaida, na sayar wa yaro nan mota na. Aibi da ke gare shi, salansa da birki da tabo ɗaya a baya, na faɗa. Bayan su babu komi. Ga wanda ya duba." Duk suka juyo suka dube ni, na gyaɗa kai. Aka shafa fatiha, aka tsayar cewa Laraba zan kai mota Stratford.

Larabar na zo da babbar mota da ƙarfe tara na safe, cikin kayan aiki. Bari in bayyana yadda ake ɗaukar motar da ba ta tafiya, saboda waɗanda ba su sani ba. Bayan motarmu faranti ne na ƙarfe da ake zamewa baya a kwantar da bakinsa a ƙasa. A samansa akwai injin ja mai igiyar ƙarfe da ƙugiya. Ba a taɓa maƙala ƙugiya a bamba, a shasi ake maƙalawa ko a ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, sannan a ja a hankali har mota ta hau. Kafin ka maƙala dole ka kwanta ka zaɓi wurin. Wato abin da na guje wa ranar Juma'a, ranar Laraba aikin da kansa ya kai ni.

Na shimfiɗa kwali, na kwanta, na kama shasi da hannun dama don in ja jikina ciki. Yatsuna suka burma. Abin ya ruguje a hannuna kamar ƙanzon tuwo, ɓarɓashin tsatsa ya zubo mini a fuska. Na ɗauko sukudireba na fara tokarawa. Ta shiga a wuri huɗu a hagu, uku a dama. A baya, inda sifirin ke riƙe da shasi, ta shige har ƙota. Baƙin abin nan da aka shafa yana nan tsaye sumul kamar yadda madubi ya nuna mini, ƙarfen da ke bayansa ne babu.

Na yi kwance a wurin. Daga inda nake ina ganin ƙafafun Alhaji kawai, safa da takalmi, yana tsaye yana jira. Na san yadda zan yi in na ga dama. In ɗaura maɗauri a ƙarfen tayoyin baya, in ja a hankali, in kai ta Stratford in sauke. A ƙasar nan motar da ta wuce shekara arba'in ba dole ba ne a kai ta gwajin shekara-shekara, don haka ba lallai wani ya leƙa ƙarƙashinta nan kusa ba. Na yi wannan tunanin, ba zan ce ban yi ba, kuma ya kai minti biyu. Abin da ya kore shi shi ne na tuna Dakta ya ce da bazara zai kai yara bakin teku a cikinta. Inji irin wannan a kan babban titi, in gindin sifirin ya fizge, tayoyin baya sai su bi inda suka ga dama.

Na fito na ce wa Alhaji zan yi waya. Na shiga gaban motarmu na rufe ƙofa, na kira Mista Terry na gaya masa abin da na gani. Da Turanci muka yi, amma ga abin da aka ce.

"Ka shiga ƙarƙashinta ranar Juma'a?"

"Ban shiga ba."

"Takardarka tana gabana, akwai alama a akwatin."

"Akwai."

Ya ce, "Kada ka ja ta. Zan zo da kekunan turi. Ka gaya wa mai motar kafin in iso, da yarenku, ni ban iya tausasa magana ba. Tsakanina da kai kuma sai a ofis."

Na sauko. Na ce, "Baba, akwai matsala a ƙarƙashi. Tsatsa ta cinye shasi." Na buɗe hannu na nuna masa ɓarɓashin.

Ya duba hannuna, ya duba motar. Ya ce, "Ba ni tocila."

Na ce gwiwarsa fa. Bai amsa ba. Ya cire hula ya ɗora a kan but, ya dafa kafaɗata ya sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya kwanta a kan kwalin. Na miƙa masa sukudireba. Ina jin ƙarar ɓarɓashi yana zuba a siminti. Ya daɗe a ciki. Da na ɗago shi, farin gemunsa duk ya yi ja.

"Me ya ci shi?"

Na ce ƙasar nan akwai gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi, yana cin ƙarfe.

Ya ce, "Mota da bai ga titi ba shekara ashirin? Faɗa mini gaskiya."

"Ruwa ne, Baba."

"Wane ruwa? Rufi nan ba ya yoyo."

"Ruwan wanki."

Na yi masa bayani kamar yadda zan yi wa kowane mai mota. A gindin gilashin gaba akwai ƙofofin shan iska. In aka sheƙa ruwa da bokiti, ta nan yake shiga, ya gangara cikin shasi. Shasi yana da ƙananan huda a ƙasa da ruwa ke fita, baƙin maganin da aka shafa ya toshe su. Sai a rufe mota da tamfol tana jiƙe, a kulle ƙofa, babu iska babu rana har wata Juma'ar. Tsatsar daga ciki ta fara, shi ya sa daga waje ba a ganin komai. Motar da aka bari da ƙura a gareji irin wannan da ta fi ta lafiya.

Ya zauna a bakin farantin motarmu yana kaɗe hannu. Can ya ce, "Ran Juma'a ka ga wannan?"

"Ban gani ba. Ban shiga ba."

"Amma ka rubuta ka shiga. Ka kuma gyaɗa kai gaban mutane."

Na ce, "Baba, kai ne ka riƙe ni."

Ya ce, "Ni na riƙe ka. Ni tsoho ne, kai baƙo na, aiki na ke nan in hana ka. Kai kuma aikin ka shi ne ka ƙi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a wurin aiki, ko lokacin da nake sabon direba ina karce motocin mutane.

Ya karɓi wayata ya kira Dakta da kansa, ya ce ciniki ya warware, ya faɗi dalili. Ina jin muryar Dakta yana cewa, "Baba, it's fine, kada ka damu, mu zauna mu yi magana." Alhaji ya ce a gaban mutane ya faɗa, a gaban mutane zai janye.

Mista Terry ya iso da kekunan turi, wato ƙananan kekuna masu taya huɗu da ake zura wa kowace tayar mota don a tura ta ba tare da an ja shasi ba. Muka tokare ƙarƙashinta da katako, muka ɗaure igiyar ja a jikin kekunan, shi yana kan injin ja ni ina gefe ina kallon gindin sifirin. Taku ɗaya mu tsaya, taku ɗaya mu tsaya. Aikin minti ashirin ya ci mana awa uku. A kan faranti ta tayoyi muka ɗaure ta, ba mu taɓa jikinta ba. Ma'aikacin council ya zo wajen ƙarfe biyu, Alhaji ya miƙa masa makullin gareji. Motar kuma harabar kamfaninmu ta nufa maimakon Stratford.

Jama'armu a London ba su da yawa, labari ba ya kwana. Kafin yammacin Alhamis ya zaga, amma ba yadda ya faru ba. Abin da ake faɗa shi ne tsoho ya shafa wa ruɓaɓɓiyar mota baƙin fenti a ƙasa don ya cusa wa likita, Allah ya tona. Direban tasin nan ne ya kira ni ya gaya mini, yana tambaya ko gaskiya ne.

Ranar Juma'a, a farfajiyar nan ta takalma, Alhaji Seidu ya tara dattawan biyu da Dakta. Mutane da yawa suka ƙi tafiya, kowa ya daɗe yana neman takalminsa. Ya ce, "Makon jiya na ce ku shaida mota na ba shi da aibi. Yana da aibi babba. Na janye magana na, yaro nan ba ciniki a kan shi. Ku yafe ni."

Malam Ɗanjuma ya ce, "Alhaji, ba don in ɓata maka ba. Mota tana hannunka sama da shekara talatin, kai ka sa aka shafa baƙin abin nan, ka ce ba ka sani ba?"

Alhaji bai ambaci sunana ba, bai ko dubi inda nake ba. Na gane cewa in na yi shiru shi ma ba zai faɗa ba, zai tafi gida da abin a kansa. Na matso na ce ina da magana. Na ce maganin nan ya fi shekara goma sha biyar a jikin motar, duk mai aikin ya gani zai gane, kuma na kariya ne, ba na ɓoyo ba. Na ce tsatsar daga ciki ta ci, mai mota ba shi da hanyar sani sai an tokara. Na ce Alhaji da bakinsa ya ce in duba da kyau, ni ne ban shiga ƙarƙashi ba, na rubuta na shiga, kuma a kan takardata ya ba da magana.

Dakta ya dube ni ya ce, "Malam Lawan, kai fa na yi trusting." Iyakar abin da ya ce mini ke nan. Ya juya ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, ya ce shi bai riƙe shi da komai ba. Malam Ɗanjuma ya ce, "To, Allah ya kyauta," da irin muryar da ba ka sanin ko ya yarda ko bai yarda ba. Aka watse.

Ranar Litinin Mista Terry ya kira ni ofis ya ba ni takardar gargaɗi, ya kuma mayar da ni direba na wata shida. Ya ce kuskuren gani kowa na yi, alamar da na yi a akwatin ce ba zai bari ta wuce ba. Motar ta yi wata biyu a harabarmu. Na sake rubuta mata sabuwar takarda mai shafi huɗu, da hoton kowane rami, wani Bature mai walda a Essex da ke farfaɗo da irin waɗannan motoci ya karanta ya saye ta da saninsa. Dakta ya sami wata bayan shekara guda, wani ne daban ya duba masa.

Abin da na koya a ranar ba game da tsatsa ba ne, wannan na san shi tun ina yaron gareji a Kano. Mai yaudara ba ya ba ni wahala, ina gane shi tun daga ƙofa. Bature ma da sauƙi, ya miƙa maka makulli ya koma ciki ya bar ka da aikinka. Mutanenmu ne masu wuya. Za su ba ka kujera, su kawo shayi, su ce kada ka ɓata kayanka, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. In ka biye wa wannan kana ganin girmama babba kake yi, alhali shi ne zai tsaya a gaban mutane da takardarka a hannu. Shi ya sa duk wanda na koya wa aikin nan, nake sa shi ya fara da akwati na huɗu kafin ya ji ƙarar inji, kuma ba ya fita duba mota sai da jek, ko ranar sallah ce.

Takardar gargaɗin ta fita daga fayil ɗina bayan shekara guda, kamar yadda dokar kamfani ta tanada. Alhaji Seidu ya ƙara shekara uku a London kafin ya koma Kumasi wurin 'ya'yansa. Muna gaisawa kowace Juma'a, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Amma a shekarun nan uku, ban sake ganin an kai masa 'yan kasuwa biyu ya raba musu gardama ba.